Randa Mai Famfo: Dabarar Raba Hannu Da Ruwan Sha

Kowa ya san yadda ake shan ruwa a gidajenmu. Randa tana nan a inuwa, an rufe ta da faifai, moɗa tana bisa. Yaro ya dawo daga wasa, ya ɗauki moɗa ya zurma hannu har wuyan hannu, ya sha, ya jefar da ita ƙasa. In an jima uwar gida ta tsince ta, ta kaɗe, ta mayar. Kafin rana ta faɗi hannu nawa ne ya shiga randan nan? Ga ido ruwan garau yake, amma ƙwayoyin cutar da ke kawo zawo da kwalara da zazzaɓin taifot ba a ganinsu sai da madubin likita.

An daɗe ana zaton in an gyara rijiya ko an kawo famfo unguwa, magana ta ƙare. Ashe da sauran aiki. A shekarar 1991 kwalara ta ɓarke a ƙasar Peru, ta Amurka ta Kudu, ta bazu ƙasashen maƙwabta. Da likitoci suka bi sawunta a birnin Turuhiyo, sai suka tarar ruwan da aka ajiye a gida ya fi na bakin famfo ƙazanta, kuma masu sha daga mazubin da ake sa hannu ciki sun fi kamuwa. Daga nan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, watau CDC, ta haɗa kai da hukumar lafiya ta nahiyar, suka fito da wata jarka mai cin lita 20, wajen galan huɗu da rabi ke nan. Bakinta ƙarami ne, tana da murfi, ga kuma famfo. Aka gwada ta a Boliviya tare da ɗiga maganin kulorin da koya wa mutane tsabta, zawo ya ragu da kashi 44 cikin ɗari a gidajen da aka ba su.

Wani gwajin da aka yi a Malawi a 1993 ya fi wannan nuna laifin hannu, domin shi ba a sa magani a ruwan ba. A wani sansanin 'yan gudun hijirar Mozambik, ruwan rijiyoyin burtsatse yakan fito da tsabta, amma tun wurin ɗaurayar bokiti da ɗaukarsa yatsu ke taɓa shi. Sai aka raba wa waɗansu gidaje bokiti mai murfi da ɗan hanci na tsiyaya kamar na buta. Ƙwayoyin da ke nuna alamar najasa a ruwa suka ragu da kashi 69 cikin ɗari, zawon yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa ya ragu da kashi 31.

To, amma kada mai karatu ya ce ai sai kawai a huda bokiti a cusa famfo. Famfon da aka ƙera da ganganci shi kansa gidan cuta ne, kuma a nan ne gwanintar maƙeri take.

Abu na farko shi ne wurin da za a kafa shi. Ba a sa shi a can gindi, sai a ɗaga shi kamar inci biyu, don laka da ƙurar da suka kwanta su tsaya a ƙasa, kada su biyo cikin kofi. Inda wuyansa ya ratsa jikin mazubi kuwa ana sa zoben roba ciki da waje a ɗaure tam. In wurin nan yana ɗiga, to, ba asarar ruwa kaɗai ba ce: damshi yana tara gansakuka da ƙuda, kuma mai gida yakan gaji ya naɗe shi da tsumma, alhali tsumman ya fi ɗigon muni.

Sa'an nan bakin famfon. Ya kamata ya dubi ƙasa, ya zama gajere, cikinsa sumul, ba lungu ba saƙo inda ruwa zai kwana bayan an rufe. Ɗan ruwan da ya maƙale a baki shi ne ke haɗuwa da iska da ƙura da leɓen yaro, ƙwayoyin cuta su yi yauƙi a ciki, su manne. Saboda haka famfon da ake iya kwancewa a wanke da sabulu ya fi wanda aka like har abada. Mariƙinsa kuma ya kasance a sama, nesa da inda ruwa ke fita, don yatsan da ya murɗa kada ya shafi baki. Waɗansu maƙera suna ƙara masa 'yar hula ta rufewa. Ni dai a ganina hular nan sai an ɗaure ta da zare a jikin famfon, in ba haka ba ba za ta yi mako guda a gidan da ke da yara ba.

Akwai kuma maganar iska, wadda mutane ba su cika lura da ita ba. Duk ruwan da ya fita, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. In murfi ya toshe ƙam, ruwa zai riƙa fita da kyar yana kwarara yana tsayawa, iska tana kutsawa ta bakin famfo zuwa ciki tare da abin da ke bakin. Mai gida kuma sai ya buɗe murfin gaba ɗaya ya bar shi a buɗe. Maganin wannan ɗan ƙaramin rami ne a gefen murfi, mai rumfa a kansa, yadda iska za ta shiga amma ƙura da kyankyaso ba za su samu hanya ba. Abin da aka ƙera famfon da shi ma abin dubawa ne, domin tagulla mai araha takan zo da dalma a ciki, ita kuwa dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara.

Faɗin bakin mazubin shi ne ya fi ba masana wuya. Hukumar CDC ta ba da shawarar inci biyu zuwa uku, yadda hannu ba zai shiga ba. Amma abin da hannun yaro bai shiga ba, hannun mai wanki ma ba zai shiga ba. Shi ya sa ƙungiyar agaji ta Oxfam ta bi wata hanya a bokitinta mai lita 14: babban murfi mai kamawa ƙam, wanda sai ranar wanki ake cire shi, da ƙaramar kafa a bisansa ta zuba ruwa.

Duk da haka jarkar roba tana da aibi guda wanda duk mai shan ruwan randa zai gane: ba ta sanyaya ruwa. A yammacin Kenya, kusa da tafkin Biktoriya, mutane da yawa sun ƙi rabuwa da tukwanensu na yumɓu saboda wannan dalili. Wajen shekarar 2000 sai aka koma wurin mata masu ginin tukwane, suka riƙa gina randa mai ƙaramin baki da murfi, suna barin kafa kusa da gindi tun yumɓu yana ɗanye, bayan gashi a kafa famfo a like. Maginanmu ba su gaza wannan ba. Kuma bukatar tana nan, domin binciken da aka yi kan kwalarar Kano ta 1995 zuwa 1996 ya nuna masu shan ruwan da ake tallarsa a titi da waɗanda ba su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci sun fi kamuwa.

Malamin da zai kafa irin wannan randa a makaranta ya ɗora ta bisa dakali mai tsawon kamar ƙafa biyu, yadda kofi zai shiga ƙarƙashin famfo ba tare da ya taɓa shi ba, kuma awaki ba za su lasa ba. A zuba tsakuwa a ƙasa don ɗigo ya nutse. Kowane mako a juye sauran ruwan, a wanke randa da famfon. Kofi kuwa kowane yaro ya zo da nasa daga gida.