Bayan An Canza Shokar Gaba: Ƙarar da Ake Ji da Tiyon da Ba a Dubawa

Abu ne da ya zama ruwan dare a kai mota gareji a canza mata shokabzoba ta gaba saboda jijjiga da tsalle, amma kafin a isa gida sai a ji wata ƙara da a da babu ita. In aka koma, amsar da aka fi samu ita ce, "Alhaji, ai sabuwa ce, bari ta zauna." Bai kamata a karɓi wannan amsa ba. Ƙarar da ta ɓullo bayan aiki, galibi shaida ce cewa wani abu da aka kwance bai koma mazauninsa daidai ba. Kuma cikin duk abubuwan da ake taɓawa a wannan aiki, wanda ya fi haɗari shi ne wanda ba ya yin ƙara ko kaɗan, wato tiyon birki.

Dalilin haka yana cikin ƙirar ƙafar kanta. Yawancin ƙananan motocin da ke kan titunanmu, irin su Corolla, Camry, Golf da tsohuwar Peugeot 504, suna amfani da tsarin da injiniyan Amurka Earle MacPherson ya ƙirƙiro a shekarun 1940, wanda motocin Ford Consul da Zephyr na Ingila suka yaɗa shi a farkon shekarun 1950. A wannan tsari, shoka ba shanye jijjiga kawai take yi ba. Ita ce ginshiƙin ƙafar: sifirin yana zagaye da ita, samanta yana ɗaure a jikin mota ta kan wata roba mai boris, ƙasanta kuma yana riƙe da ƙarfen da taya da birki suke kai. Duk lokacin da aka murza sitiyari, gaba ɗayanta take juyawa. A jikinta ne kuma aka liƙa 'yan maƙalai na tiyon birki da wayar ABS, a motoci da yawa har da linkejin sandar da ke hana mota karkata a kwana. Don haka wanda ya cire shoka ya kwance kusan rabin ƙafar mota, kuma kowane noti da ya sassauta wuri ne da kuskure zai iya shiga.

Ana gane asalin ƙara ne ta lokacin da take fitowa. In ƙwanƙwasa ce mai nauyi a kan rami ko tudun rage gudu, a fara da babban notin tsakiya na saman shoka. Sandar da yake hawa a kanta tana iya bin sa su juya tare, sai bakanike ya ɗauka ya ɗauru alhali da saura. Shi ya sa ake riƙe sandar da wani makulli dabam yayin ɗaurewa. Daga nan sai notocin da ke kama shoka da jikin mota, yawanci uku, da manyan ƙusoshin ƙasa, sai linkeji, wanda ƙararsa 'yar ƙaras-ƙaras ce a kan hanya mai gargada. In kuwa ƙarar tana zuwa ne lokacin da aka murza sitiyari mota na tsaye, kamar sifirin ya ɗaure ya saki, to ko boris ɗin sama ya mutu aka mayar da shi a haka, ko an sa shi a karkace, ko kuma bakin sifirin bai faɗa cikin gurbin da aka yanka masa ba. Ƙarar gugar ƙarfe da ke bin juyawar taya sau da yawa siririn farantin da ke bayan faifan birki ne ya lanƙwashe wajen aiki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da tafiya take gyarawa. Notin da bai ɗauru ba ƙara kwancewa yake yi.

Masu cewa a bari ta zauna suna da ɗan abin kamawa. Sabon sifirin yakan ɗan sauka kaɗan bayan kwanaki, kuma sabuwar shoka ta fi tsohuwa tauri, don haka direba zai ji hanya fiye da da. Har ma tana iya tona asirin bushin ko mahaɗin sitiyari da ya daɗe da cinyewa. To amma wannan hujja ce ta a duba, ba ta a jira ba. Akwai kuma masu ɗora laifin duka a kan kaya, su ce jabu ne ko gwanjon Beljiyam da ya riga ya gaji. Hakan na faruwa, kuma shoka mai zubar da mai ko wadda sandarta ta lanƙwashe ba ta da magani sai canji. Sai dai bin noti ɗaya bayan ɗaya da sifana ba ya cin ko sisi, sayen wata shokar kuwa kuɗi ne. Hankali ya ce a fara da ɗaurin kafin a tuhumi mai shago.

Batun tiyo ya fi wannan nauyi. Daga jikin mota man birki yana tafiya ne cikin siririn bututun ƙarfe, amma da yake ƙafa tana sama da ƙasa, tana kuma juyawa, ƙarshen hanyar sai da tiyon roba mai saƙar zare a ciki. In aka take birki da ƙarfi, matsin da ke cikinsa yana iya ninka na iskar taya sau talatin ko fiye. Hanyoyin cutar da shi a wannan aiki sanannu ne. Da an zare ƙusoshin ƙasa, ƙafar takan faɗo waje da nauyinta ta fizge shi in ba a tallafe ta ba. Wani yakan cire kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, ya bar ta tana reto a jikin tiyon, maimakon ya rataye ta da waya. Wani ya mayar da ita bayan ta yi juyi guda, tiyon ya murɗe. Rubutu ko layin da ke jikinsa zai nuna hakan, domin ya kamata ya tafi a miƙe. Wani kuma ya sa shokar dama a hagu, ko ya sayo wadda maƙalinta bai dace ba, sai ya bar tiyon sakaka ko ya ɗaure shi da tsinken roba. Daga nan sai ya riƙa gugar taya ko sifirin a kowace kwana, a hankali, ba tare da sauti ba, har ranar da zai fashe, kuma ranar ita ce wadda aka fi matsa masa, wato lokacin birkin gaggawa. Wani lokaci ma ɓarnar ta ciki ce: tiyon ya toshe, mai ya shiga ya kasa komawa, birki ya riƙe ƙafa ɗaya, mota ta riƙa ja gefe, faifai ya yi zafi.

Za a iya cewa ai motocin zamani layin birki biyu gare su, in ɗaya ya tafi ɗaya na nan. Gaskiya ne, amma abin da ya saura rabin birki ne ko ƙasa da haka. Feda takan nutse kusan ƙasa kafin ta kama, nisan tsayawa ya ƙaru sosai, kuma ƙafafun gaba su ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota. An yi layi na biyu ne don a samu a lallaɓa a tsaya, ba don ya rufe sakacin aiki ba.

Dubawar kuwa ba ta da wuya, kuma mai mota na iya tsayawa a yi a gabansa. A ɗaga motar a jak ƙafa na lilo, a murza sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a ga tiyon bai miƙe tsam ba, bai lanƙwashe ba, bai taɓa komai ba. A sauke ta ƙasa a sake maimaitawa. Ya zauna cikin maƙalinsa da kilif ko ƙusar da aka yi masa, wayar ABS ma haka, in ba haka ba fitilarta za ta kama nan gaba. In ƙirar maƙalin ta tilasta aka buɗe tiyon, to a sa sabbin washa na tagulla guda biyu a bakin ƙusarsa, a fitar da iska, a cika da man da aka rubuta a murfin tulun man birki, DOT 3 ko DOT 4. A danne feda da ƙarfi na ɗan lokaci: in tana sulalewa ƙasa ko ta yi laushi, ko aka ga danshi a mahaɗa, motar ba ta fita. Tiyon da ya tsattsage ko ya kumbura canza shi ake yi, ba a naɗe shi.

Saura abin da ake gudu saboda kuɗi: canza shoka biyu tare, sa sabuwar robar sama da boris, da daidaita ƙafafu bayan aiki. Kowanne yana da dalilinsa. Sabuwa a gefe ɗaya da gajiyayyiya a ɗayan suna sa mota rashin daidaito wajen birki da kwana. Robar sama kuwa sai an sake kwance komai kafin a kai gare ta, ga shi matse sifirin aiki ne mai haɗari da ba a so a maimaita. Ƙusoshin ƙasa kuma, a motoci da yawa, su ke riƙe da tsayuwar taya, don haka in ba a daidaita ba taya za ta cinye ta gefe guda. Wanda aljihunsa bai kai ba yana iya jinkirta wasu daga ciki da saninsa. Amma duba noti da tiyo ba ƙarin aiki ba ne, yana cikin ladan da aka riga aka yi ciniki a kai. Mai mota ya nemi a gwada ta a kan hanya mai gargada tare da bakaniken, a nuna masa tiyon kowace ƙafa, sannan ya biya.