Zaɓen Banju da Jinyar Sabuwar Gwiwa

Duk wanda ya san tsofaffinmu na Dogon Dutsi da Tibiri, waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a gonakin hatsi da bakin rijiyoyin Dallol Mawri, ya san yadda gwiwa takan ci amanar mai ita idan guringuntsinta ya cinye, har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, ruku'u da sujada su zama azaba. Idan magani ya kasa, likitoci sukan kankare bakin ƙasusuwan su sanya ƙarfe da roba a madadinsu, aikin da galibi sai an yi tafiyar kilomita wajen 270 zuwa Yamai, ko ma ƙetare.

A nan ne ake tambayar majinyaci irin banjun da za a yi masa: ko a sa shi barci ɗungum, ko a yi masa allura a kwankwaso, ƙafafunsa su mutu na 'yan sa'o'i alhali hankalinsa yana tare da shi. Wannan allura, wadda likitan Jamus August Bier ya fara tiyata da ita a 1898, mutanenmu suna tsoronta ƙwarai, wai tana gurgunta mutum. Amma haƙiƙanin al'amari ana soka ta ne ƙasa da inda lakar baya ta ƙare, kuma ga dattijo mai raunin ƙirji sau da yawa ita ta fi sauƙi, domin tashin zuciya da magagi sun fi ƙaranci bayanta, illa dai wani yakan yi ciwon kai. Wajibi ne a gaya wa likita kowane magani ake sha, na bature da na gargajiya, musamman mai tsinka jini.

Sai dai a ganina jarrabawar tana gida. Tausayi yakan sa iyali su kwantar da tsoho bisa tabarma su hana shi motsi, alhali tun kashegarin aiki ake so ya miƙe da sanda, ya riƙa lanƙwasa gwiwar yana miƙe ta kullum, don kada ta sandare, kada kuma jini ya daskare a sha-raɓa. A hanyar komowa daga asibiti ma a riƙa tsayawa yana takawa. A nema masa gado mai tsayi da abin zama a makewayi. Salla kuwa, shari'a ta yi masa rangwame ya yi ta a zaune. Sauƙi yakan bayyana cikin mako shida, cikar warkewa takan kai shekara. Idan ƙafa ta kumbura da zafi, ko miki ya fara ruwa, ko numfashi ya yi wuya, don Allah a garzaya asibiti a ranar.