Abin da gangare ke faɗa game da motar da ta ƙi tashi a Gwandu da Kalgo

A wajen direbobin tsofaffin motocin haya da ke jigila tsakanin Gwandu, Kalgo da Birnin Kebbi, wurin ajiye mota da dare ba abin wasa ba ne. Da yawa sukan nemi gangare, su juya kan motar ƙasa, su tare taya da dutse. Da asuba sai a cire dutsen, a sa giya ta biyu, a saki kuloci, mota ta tashi ba tare da an roƙi kowa turi ba.

Dabarar tana fitar da direba kunya, amma tana ɓoye cutar. Ga wanda ya iya saurare kuwa, gangaren kan nuna inda matsalar take tun kafin a kashe kuɗi wurin bakanike.

Ta ƙi makulli, ta tashi da turi

Motar da ke tashi da turi ta riga ta ba da rabin amsa: mai yana zuwa, fulogi na ba da wuta. Laifin yana tsakanin batir, kan batir da kik. Idan an murɗa makulli aka ji ƙas-ƙas a jere, fitilun gaban direba suka dushe, batir ya yi sanyi ko kansa ya yi tsatsa. Idan ƙas ɗaya aka ji kuma fitilu ba su motsa ba, hankali ya koma kan kik da wayoyinsa.

Mai gyaran wayar mota zai iya raba gardamar cikin minti biyu. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji na kashe. Idan inji na aiki ya kamata ya kai 13.5 zuwa 14.5. Ƙasa da haka, altaneta ce ba ta caji, kuma sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya mutu. Zafin Kebbi, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana ƙara ƙone ruwan batir.

Inji na juyawa amma bai kama ba

Nan ne gangaren kansa ke zama mai laifi. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, direbobi da dama lita kaɗan suke sha, iya na zuwa da dawowa. Idan mota ta karkata, ɗan man da ya rage sai ya taru gefe guda na tanki, famfon mai ya riƙa zuƙar iska.

Gwajin ba ya cin ko kwabo: a gangaro da ita fili, ko a ƙara lita biyar. Idan ta tashi, inji lafiya lau yake. Sai dai a motoci irin su Golf 3, famfon yana cikin tanki kuma fetur ne ke sanyaya shi, don haka yawan yawo da busasshen tanki yana rage masa kwana.

Tsofaffin Peugeot 504 masu kafireto, waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, nasu halin daban ne. Idan suka kwana kansu na kallon tudu, mai yakan koma baya, sai an daɗe ana murɗawa kafin ya iso.

Mota mai giyar otomatik kuwa ba a tayar da ita da turi. Idan ta ƙi tashi a P, a taka birki a gwada a N. Idan ta amsa, makunnin jikin giyar ne ya samu matsala.

Haɗarin da ba a faɗa

Birkin yawancin motoci yana samun ƙarfinsa ne daga inji. Idan inji na kashe, bayan taku ɗaya ko biyu birkin zai yi tauri. Sitiyari ma yana iya kullewa idan ba a buɗe makulli ba. A unguwar da yara ke sammakon tafiya makaranta, motar da ta gangara ta ƙi kamawa tana iya jawo asarar da ta fi kuɗin batir nesa ba kusa ba.

Ga kuma fasinja. Motar da ke dogara da gangare a gida ba ta da tabbacin samun sa ranar da ta mutu a tsakiyar hanyar Jega, ɗauke da kaya da mata masu goyo.