Ɗakin Amarya Ba Rumfar Kwari Ba Ne

Yau zancen launin kayan ɗaki zan yi muku, kuma abin da ya faru a bikin ƙanwata ne ya tayar min da shi.

Shekara uku Innarmu tana zubin adashi saboda kayan ɗakin yarinyar nan. Ranar sayayya mu huɗu muka shiga gari, kowa da idonta. A Kantin Kwari, Gwaggo ta ga wani labule ja jawur mai furanni ruwan gwal, ta ce wallahi sai shi. Ni na ɗauko kafet kore shar. Amarya ta zaɓi rigunan filo ruwan hoda. Kujeru kuwa Kawu ya riga ya sa kafinta ya yi su da yadi shuɗi. Ashe shi ma ango ya shafa wa falon fenti ruwan ɗorawa, ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai tambayi kowa ba.

Kowane kaya in kin gan shi shi kaɗai, sai ya burge ki. Amma ranar jere da muka gama muka ja da baya muka duba, sai kowa ta yi tsit. Ido ya rasa inda zai sauka. Can wata daga dangin ango ta leƙo, ta ce, "Masha Allah, ashe Kwarin aka kwaso gaba ɗaya." Maganar ta kai kunnen amarya, ta yi kuka har idonta ya kumbura. Inna ba ta ce uffan ba, kuma shirun nan nata ya fi komai yi min ciwo.

Washegari na tafi gidan malamar da ta koya mana darasin kula da gida a sakandare. Ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar nan, ai kuɗi kun kashe, shawara ce ba ku yi ba." Ita ta faɗa min ƙa'idar da masu ƙawata ɗaki ke bi: a raba ɗaki kashi 100. Kashi 60 launi ɗaya ne mai sanyi, wato bango da ƙasa. Kashi 30 launi na biyu, kujeru da labule. Kashi 10 da ya rage shi ne na kwalliya, irin su filo, furanni, agogon bango da tangaran ɗin cikin kabad. Launi uku ke nan, kin ji ko? Mu biyar muka tara.

Ta kuma nuna min cewa launuka suna da maƙwabta, suna da kishiyoyi. Shuɗi da kore maƙwabta ne, don kore ma daga haɗin shuɗi da rawaya yake fitowa, shi ya sa suke zaman lafiya. Ja kuwa kishiyar kore ce, kamar yadda ruwan goro yake kishiyar shuɗi. Kishiyoyi suna fito da juna in ɗaya ya yi yawa ɗaya ya zama ɗan kaɗan. In kika ba su wuri daidai wa daida, kamar labulen Gwaggo da kafet ɗina, to faɗa za su yi ta yi a idon duk mai shigowa.

Ta ce mu fara da abin da ba ya canzuwa. Kujeru sun ci kuɗi, ba a mayar da su, don haka shuɗi ya zauna. Muka aika wa ango ta bakin ƙanwarsa, ya sa aka sake fenti ruwan madara. Mai kafet ya yi mana mutunci ya canza mana da ruwan ƙasa mai haske. Labule muka sayo shuɗi marar tsada, filo kuma aka ɗinka musu riguna ruwan goro guda huɗu. Jan labulen Gwaggo ya koma uwar ɗaka tare da kayan ruwan hoda, can suka dace da juna, Gwaggo ma ta huce.

Ke da ba a kai ga naki ba, tun kafin a je kasuwa ki sa a tambayo miki launin fentin gidan. Ba rashin kunya ba ne. In ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya, ki guji bango mai duhu, zai ƙara matse shi. Ki kuma roƙi ɗan ƙyallen yadin ki zo da shi gida ki duba da rana, ki sake dubawa da dare, domin hasken ƙwan lantarkin kanti yana yaudarar ido. Farin labule kuwa, ni dai ban ba ki shawara ba. Hunturu ɗaya ƙura za ta mayar da shi ruwan ƙasa, ki koma kullum kina bakin famfo da sabulu.

Bayan sati biyu matar nan ta dawo ganin ɗaki. Ta zauna a kujera ta daɗe tana kalle-kalle, ta sha lemo, sannan ta tambayi ƙanwata a ina aka sayi labulen.