Yadda Za Ki Tsabtace Azurfarki Ki Adana Ta

Yau zancenmu a kan azurfa ne. Munduwa da zobe da 'yan kunne ba ado kaɗai ba ne, dukiya ce ta ranar buƙata, kuma da awo ake sayenta. Saboda haka macen da ke dirje kayanta da yashi ko toka mai tsakuwa, kuɗinta take kankarewa. In kuwa ruwan azurfa aka yi wa kayan, nan da nan sai jan ƙarfen da ke ƙasa ya leƙo.

Ku sani azurfa ba ta tsatsa. Baƙin nan da take yi, sinadarin farar wuta ne da ke cikin iska, da ƙwai, da albasa, da roba, yake kama ta. Damshin damina da gumi suna ƙara masa sauri. Wadda kuka ga an buga wa lamba 925, azurfa ce kashi 92.5 cikin 100, sauran yawanci jan ƙarfe ne don ta yi ƙwari.

To, ga dabara mai sauƙi. Ki sami tukunyar alminiyam, ki tafasa ruwa, ki jefa 'yar kanwa ta narke, ki sauke. Sa kayan a ciki yadda kowane zai taɓa jikin tukunyar, ki bar su kamar minti 5. Baƙin zai bar azurfar ya koma wa alminiyam. Ki tsame, ki ɗauraye da ruwa mai kyau, ki goge da ƙyallen auduga mai laushi har su bushe sarai.

Amma a yi hattara. Kada a sa mai murjani ko duwatsu a ruwan zafi, sabulu da ruwan ɗumi sun ishe su. Haka kuma aikin da maƙeri ya baƙanta zanensa da gangan, irin na maƙeran Agadas, don zanen zai dushe. Ruwan bilic kuwa kada ya kusance ta.

Wajen ajiya, ki naɗe kowane ɗaya daban cikin farin ƙyalle, ki sa a gwangwani mai murfi tare da guntun alli don ya sha damshi. Kada ki ɗaure su da roba. Ki tuɓe su kafin girki da wanki, turare kuma a fesa shi tukuna kafin a sa su.

'Yan makaranta, ku karanta wa iyayenku mata wannan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.