Libarba da dokar mallakarta a ƙasar Yauri

Libarba ƙaramar bindiga ce da ake riƙewa da hannu ɗaya, tana da wata ganga mai juyawa wadda ke da ramuka, galibi biyar ko shida, kowane rami na ɗaukar harsashi guda. Duk lokacin da aka ɗana ta ko aka ja kunamarta sai gangar ta juya, ta kawo sabon harsashi saitin bututun bindigar. A wasu ƙasashe, irin su Amurka, ana sayar da libarba ta hannu a shagunan da ke da rajista, masu ita kuma kan sake cika kwanson harsashi a gida. A Najeriya ba haka abin yake ba. Doka ta saka libarba a jerin haramtattun makamai, don haka a ƙasar Yauri, wato ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga na Jihar Kebbi, babu wata kasuwa ko shago da farar hula zai shiga ya saye ta ko ya sayi harsashinta bisa ƙa'ida.

Asali da tarihi

Ba'amurken nan Samuel Colt ne ya fito da libarbar da ta fara karɓuwa a kasuwa, bayan ya sami takardar haƙƙin ƙirƙirarta a Amurka a 1836. Rundunar sojan Birtaniya ta ɗauki samfurin Webley a 1887, kuma hafsoshin Turawan mulkin mallaka sun riƙa yawo da irinta a ƙugu. Daga bakinsu kalmar ta shigo Hausa. Ita kuwa kalmar bindiga ta riga ta daɗewa, domin daga Larabci aka aro ta.

Tun kafin a kafa mulkin mallaka a Arewa, ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels a 1890, wadda ta taƙaita sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani, aka bar musu irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Wannan rarrabewa ce ta zama tushen dokokin bindiga na Najeriya: ƙaramar bindiga da bindigar yaƙi na hukuma ne, bindigar toka kuma ta maharbi da manomi.

Abin da doka ta tanada

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita a duk faɗin ƙasar, ta kasa bindigogi gida uku.

Kashi na farko shi ne haramtattun makamai. A ciki akwai igwa da gurneti da bindiga mai sarrafa kanta da bindigogin soja, sannan da libarba da fistol kowane iri, har da tsofaffin da ake ɗura wa albarushi. Shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisin riƙe su, kuma yana iya hanawa.

Kashi na biyu shi ne bindigogin amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu da bindigar iska. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda.

Kashi na uku shi ne bindigogin da ake ɗurawa ta baki, irin bindigar toka. Kwamishinan 'yan sanda na jiha, bayan ya tuntuɓi gwamna, yana iya ba da umarnin cewa ba za a riƙe su ba sai da lasisi.

Dokar ta bayyana cewa lasisi ba haƙƙi ba ne da mutum zai ce dole a ba shi. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali a cikin shekaru biyar da suka gabata. Wanda aka kama da makamin kashi na farko ba da izini ba, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Dokar Fashi da Makami ta 1984 ita ma ta tanadi hukunci mai tsanani a kan mallakar bindiga ba bisa ƙa'ida ba.

Sayen ta hannu

Doka ba ta bambanta sabuwar bindiga da tsohuwa ba. Cinikin bindiga a matsayin sana'a sai dillalin da ya yi rajista, kuma ba a miƙa wa mai saye bindiga sai ya nuna lasisin da ya ba shi damar riƙe ta. Lasisi na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya mai lamba. Ba ya bin bindigar zuwa hannun wanda ya saya. Ko gado ba ya halatta ta: idan mai lasisi ya rasu, magada na da kwana 14 kacal da za su iya riƙe bindigar, daga nan sai batun ya koma hannun hukuma.

Saboda haka libarbar da ke yawo daga hannu zuwa hannu a ɓoye kusan kullum ɗaya ce daga cikin uku: wadda ta fita daga ma'ajiyar jami'an tsaro, ko wadda aka yi fasa-ƙwaurinta ta kan iyaka, ko wadda wani maƙeri ya ƙera a asirce. Mai saye ba shi da hanyar sanin abin da aka aikata da ita kafin ta zo hannunsa, kuma idan an taɓa yin fashi ko kisa da ita, shi za a fara tuhuma. Akwai kuma haɗarin bindigar kanta. Idan ta tsufa, ramin ganga kan daina daidaita da bututu, tsatsa kan cinye ƙarfen ta ciki. Ƙirar gida kuwa sau da yawa da ƙarfen da bai jure matsin wuta ake yin ta, tana iya tarwatsewa a hannun mai harbi.

Harsashi da sake cika kwanso

Harsashin libarba abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, da garin da ke kamawa da wuta, da ɗan maƙunshin da ke tayar da wutar a gindin kwanson, da dalmar da ke fita. Kowace libarba da girman harsashin da aka ƙera ta dominsa. Tsofaffin Webley na soja, alal misali, suna cin samfurin .455, wanda rundunoni suka daɗe da daina amfani da shi. Wannan ne ya sa tsohuwar libarba kan zama ƙarfe kawai a hannun mai ita, ko kuma ta sa shi cusa mata harsashin da ba nata ba, abin da ke jawo fashewa.

A ƙasashen da aka yarda da sake cika kwanso, ana yin sa ne da na'urori da ma'auni masu auna ƙanƙanin nauyi, domin kuskure kaɗan a yawan gari na iya fasa bindiga. Garin zamani marar hayaƙi ya fi albarushin gargajiya ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba a musanya ɗaya da ɗaya. A Najeriya doka ta hana riƙe harsashi sai ga mai lasisin bindigar da ke cin sa, ta kuma hana ƙera ko haɗa bindiga da harsashi a wajen wuraren da gwamnati ta amince da su. Kamfanin ƙera makamai na gwamnati, DICON, wanda aka kafa a Kaduna a 1964, jami'an tsaro yake yi wa aiki.

Bindigar da aka sani a yankin

Mutanen gaɓar Kogin Kwara da Tafkin Kainji, da suka haɗa da Gungawa da Kambari da Shangawa da Hausawa da Sarkawa, noma da su ne manyan sana'o'insu. Bindigar da ta shiga rayuwarsu ita ce ta toka, wadda maƙera ke ƙerawa, maharba ke shiga daji da ita, manoma ke korar birai da sauran dabbobi daga gona. Ana ɗura mata albarushi ta baki, harbi ɗaya take yi sai an sake ɗurawa, shi ya sa wasu ke kiran irinta harba-ruga. A masarautun ƙasar Hausa ana kuma buga ta a hawan salla da naɗin sarauta. Farautar kanta ta ragu bayan kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, wadda ta shanye tsibirai da fadamu da dama, da kuma kafa gandun namun daji na Tafkin Kainji a ƙarshen shekarun 1970, inda aka haramta harbin dabbobi.

Matsalar tsaro da muhawara

Hare-haren 'yan bindiga a kudancin Kebbi da maƙwabciyarta Jihar Neja sun sake tayar da batun mallakar makami. A ranar 17 ga Yuni, 2021 aka sace ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. A watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a wani kwanton ɓauna a masarautar Zuru mai maƙwabtaka. 'Yan banga da 'yan sa-kai galibi bindigar toka da ta farauta suke riƙewa, maharan kuwa suna ɗauke da AK-47.

A watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara, ƙarƙashin Bello Matawalle, ta yi kira ga jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai, amma Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya nuna rashin amincewa. A watan Agusta na 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Masu goyon bayan sassauta doka na cewa ƙauyukan da ke nesa da barikin soja da ofishin 'yan sanda an bar su ba kariya. Masu adawa na cewa makamin da aka raba don tsaro shi ne ke komawa rikicin gona da kiwo da ramuwar gayya, kuma ƙaramar bindiga mai cin gajeren zango ba ta tare mahara masu manyan makamai, sai dai ta yi amfani wajen fashi saboda sauƙin ɓoyewa.

Najeriya tana cikin yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai da aka sa wa hannu a Abuja a 2006. A 2021 ta kafa cibiyar ƙasa ta hana yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a 2024 aka sa hannu a kan dokar da ta ba cibiyar cikakken iko.