Fitsarin kwance: ƙararrawar da ke koya wa yaro farkawa

A gidajenmu da dama, wayewar gari ba abin murna ba ce ga yaron da ke fitsarin kwance. Za a shanya tabarmarsa a tsakar gida kowa ya gani, ƴan uwa su yi ta kiransa amalala, wani lokaci ma a haɗa masa da bulala. Mun daɗe muna ɗaukar abin a matsayin lalaci, alhali likitocin yara sun tabbatar yaron bai san ma ya yi ba.

Alƙaluma sun nuna kusan yara 15 cikin 100 masu shekara 5 suna jiƙa shimfiɗa, kuma a kowace shekara wajen 15 cikin 100 daga cikinsu kan daina da kansu. Abin yana bin jini: in uwa da uba duka sun yi shi suna ƙanana, kusan kashi uku cikin huɗu na ƴaƴansu za su yi. Saboda haka uban da ya ɗauko bulala, gara ya fara tambayar tsohuwarsa labarin ƙuruciyarsa. Dalilan kuwa uku ne da kan haɗu: jiki yana tara fitsari da yawa cikin dare, mafitsara ba ta riƙe mai yawa, sannan barci mai nauyi ya hana ƙwaƙwalwa jin cikar mara.

Wannan na ukun shi ne ƙararrawar fitsari take gyarawa. Ƴar na'ura ce mai aiki da batir. Ana maƙala wani ɗan ƙarfe a wandon yaro, ko a shimfiɗa masa wani faifai a ƙarƙashin zanen gado. Da ɗigon farko ya taɓa shi sai ta ɗau ƙara. Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1904 wani likitan yara ɗan Ostiriya, Meinhard von Pfaundler, ya ƙera ta don ta sanar da masu jinya lokacin sauya wa yara shimfiɗa, sai ya lura yaran suna ta dainawa. A 1938 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, mata da miji masu suna Mowrer, suka mayar da ita hanyar magani.

To, ga inda gizo ke saƙar. A makonnin farko ƙarar takan tashi kowa a gidan ban da shi mai fitsarin. Dole uwa ko uba su kwana kusa, su tashe shi har ya wartsake sarai, shi da kansa ya kashe na'urar, ya je ban ɗaki ya ƙarasa, a sauya wando, a sake maƙala ta. Kowane dare haka, ba fashi. In aka ɗauke shi cak yana magagi aka kai shi makewayi, an yi aikin banza, domin ƙwaƙwalwarsa ba ta koyi komai ba. Ana ci gaba wata 2 zuwa 3, har sai ya jera dare 14 shimfiɗa a bushe. Wajen biyu cikin uku na yaran da aka yi wa haka suna dainawa. Wasu kan koma daga baya, sai a maimaita, kuma sau da yawa karo na biyu ma yana yin aiki.

A ganinmu, nan ne wahalar take a irin zamanmu, inda yara biyar ko shida ke kwana ɗaki ɗaya, uwa kuma ta wuni tana aiki. Gidan da ba zai jure tashin tsakar dare na wata biyu ba, kada ya ɓata kuɗinsa tukuna; ya jira hutun makaranta, ya kuma tabbatar yaron ya kai shekara 6 ko 7 kuma shi ma yana so ya daina. Akwai ƙwayar magani mai suna desmopressin da ke rage fitsarin dare, tana aiki da sauri, amma da an bar shan ta yawanci abin ya dawo, kuma sai da umarnin likita, domin shan ruwa da yawa a kanta na da haɗari.

Kafin a sayi komai, a fara zuwa asibiti. Yaron da ya yi wata 6 a bushe sannan ya koma, ko mai yawan ƙishirwa da rama, ana duba shi ko ciwon suga ne. Mai jin zafin fitsari ko ganin jini a ciki, musamman a garuruwan bakin kogi da tafki inda tsargiya ta yi yawa, shi ma magani yake bukata, ba ƙararrawa ba. Masu ciwon sikila sun fi sauran yara fama da fitsarin kwance, saboda ƙodarsu ba ta iya rage ruwan fitsari yadda ya kamata. Sai kuma taurin bayan gida, wanda iyaye ba su cika lura da shi ba: hanjin da ya cika yakan danne mafitsara, kuma akwai yaran da gyara wannan kaɗai ke raba su da jiƙa tabarma.